Allo Ɗaya a Gida: Uba Na Risala, Ɗa Na Ƙwallo

Filin Mai Gyara, daga Jidda

Wasiƙu huɗu na ware a wannan watan, dukansu a kan allon kwamfuta, wanda mu mazauna nan muke kira shasha, mutanen gida kuma su ce monita. Masu tambayar batirin waya ku ƙara haƙuri, wasiƙunku suna nan a ajiye.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Musulunci ta Madina, ina rubuta risalar dakta a fannin hadisi, kuma ina zaune da iyalina. Laftof ɗina inci 14 ce, a kanta nake wuni: manhajar littattafan addini ta Shamila a buɗe, Word a buɗe, ga hotunan tsofaffin littattafan rubutun hannu. Kafin Isha'i idona ya fara yaji. Ga kuma babban ɗana mai shekara 13, kawunsa ya kawo masa PlayStation 5, kullum sai an yi rigima da mahaifiyarsa a kan talabijin ɗin falo. Na ware riyal 1,000 in sayi allo ɗaya da zai yi mana mu biyu. Wani mai shago ya nuna mini ƙato, inci 32, mai lanƙwasa, an rubuta masa Full HD da 240Hz da 1ms, ya ce babu kamarsa. Yaron ya kafe a kansa. In saya? Daga wani ɗalibi a Madina.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta Malam. Kada ka saya. Allon ba shi da aibi, amma ba don aikinka aka yi shi ba, kuma in an bi diddigi yaron ma ba zai ci rabin abin da za ka biya ba.

Da kai za mu fara, tunda kai ne za ka zauna gabansa awa takwas ko goma, shi kuwa yaro, in dai gidan malamai ne, ba zai wuce awa ɗaya ko biyu ba bayan ya gama muraja'a. Duk abin da ido ke gani a allo, harafi ne ko hoto, da ƙananan ɗigogi aka gina shi. Full HD ɗin nan ma'anarsa ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, wato miliyan biyu da 'yan kai. Girman allo ba ya ƙara musu yawa. Baza su kawai ake yi, kamar a tsinka miyar mutum uku da ruwa don baƙi goma sun sauka. A allo mai inci 24, kowane inci yana samun ɗigo 92. A inci 27 ya sauko 82. A ƙaton da aka nuna maka kusan 70 ne. Laftof ɗinka kuwa, in ita ma Full HD ce, 157 take ba ka. Ka ga ke nan da kuɗinka za ka sayi rubutun da bai kai rabin kaifin wanda kake kuka da shi ba.

Mai karanta boko zai iya lallaɓawa a haka. Kai kuwa da fataha da kasra kake aiki, da shadda, da ɗigon da ya raba ba da ya da nun, ga ta'aliƙin ƙasan shafi da ake bugawa kamar ƙafar kiyashi. In rubutun Magribi ne, irin wanda muka tashi da shi a makarantar allo, fa ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf ɗaya a sama. Ka fi ni sanin ɓarnar da ɗigo ɗaya ya yi a sunayen maruwaita, har malamanku suka keɓe wa irin wannan kuskuren, wato tas-hifi, littattafai. Ni mai sukurdireba ba zan koya maka wannan ba.

Abin da zan ce ka nema shi ne inci 27 mai ɗigo 2560 a kwance da 1440 a tsaye. A kwali za ka ga an rubuta QHD, masu shago kuma su ce 2K. Ɗigoginsa sun kai miliyan 3.7, kowane inci yana samun 109. Faɗin gilashinsa kusan santimita 60 ne, tsayinsa kusan 34, takardar A4 kuwa 21 ce da 29.7. Shafi biyu ke nan za su zauna gefe da gefe a ainihin girmansu, har da sauran fili. Shamila a dama, risala a hagu, ka huta da tsalle daga wannan taga zuwa waccan. Duk wanda na haɗa wa irin wannan, abin da yake fara yabawa ke nan, ba kyan launi ba.

Za ka iya cewa to me ya hana 4K, mai ɗigo 3840 da 2160? Rubutunsa ya fi kyau, wannan ba gardama, a inci 27 ɗigo 163 yake bayarwa. Sai dai a kasafinka yawancin waɗanda za ka samu a 60Hz suke tsayawa, yaro ya tashi a tutar babu. Kuma in laftof ɗinka ta kwana biyu, mai ƙofar HDMI 1.4, hoto 30 kacal za ta iya tura wa 4K a daƙiƙa, ka ga kibiyar linzami tana ɗingishi. Ita wannan ƙofar kuwa tana ɗaukar QHD a 60 ba tare da nishi ba. Duk da haka ka rubuta lambar samfurin laftof ɗin a takarda ka tafi da ita shago, ko ma ka ɗauke ta gaba ɗaya a jona a gabanka. Gani ya kori ji.

Sai yaro. Lambar Hz tana faɗin sau nawa allo yake iya sabunta hotonsa a daƙiƙa ɗaya. Ka lura da kalmar, iyawa na ce. Allo ba ya ƙirƙirar hoto, abin da na'ura ta miƙo masa shi yake nunawa. PlayStation 5 iyakarta 120 a daƙiƙa, kuma ba a kowane wasa ba. Wasan ƙwallon nan da ake kira FIFA a da, wanda tun 2023 ya koma EA Sports FC, a 60 yake gudu a kanta. Irin su Fortnite da Call of Duty ne ke kai wa 120. Sayen 240Hz don wannan na'ura kamar mutum ne ya gina tankin ruwa na gidan bene alhali ƙaramin wayit, wato motar dakon ruwa, ne ke kawo masa ruwa sau ɗaya a mako.

Ga lissafin a fili. A 60, kowane hoto yana ɗaukar kashi 16.7 cikin dubu na daƙiƙa. A 120 ya koma 8.3. Wannan tazarar kowa yana ganinta, har kai za ka ji rubutu yana sulɓi in kana gangara shafi. Daga 120 zuwa 240 kuwa kashi huɗu kawai aka rage. Masu zuwa gasar duniya ta wasannin kwamfuta da aka fara yi a Riyad a 2024, waɗanda da wannan suke cin abinci, su suka san daɗin kashi huɗun nan. Ɗan Malam bai kai nan ba tukuna, in ma ya kai ba da wannan na'urar zai je ba.

Don haka ka nemi wanda aka rubuta wa 144 ko 165 ko 180, duk ɗaya ne a wurinku. Tambaya guda za ka matsa wa mai shago da ita: ƙofar HDMI ɗinsa tana karɓar 1440 a 120? Dalili shi ne PlayStation 5 ba ta da ƙofar DisplayPort, kuma alluna da yawa ta can ne kawai suke kai babbar lambar da ke jikin kwali. Kamfanin Sony ya buɗe wa na'urar 1440 tun watan Satumba na 2022, saboda haka ta wannan gefen babu matsala. Ka kuma tabbatar ƙofofin HDMI biyu ne, ɗaya taka ɗaya tasa, a riƙa sauyawa da maɓalli. Yawancin ƙofofin da ake kawo mini sun kwakkwance, cire-waya-mayar-waya na yara ne ya kashe su.

Lambar 1ms kuwa, wato saurin da ɗigo ke canza launi, ka share ta. Kowane kamfani yana aunawa ta hanyar da za ta fi masa kyau a kwali, kuma sau da yawa sai an kunna wani yanayi da ke rage haske ko ya bar inuwa a bayan abin da ke motsi kafin a kusanci lambar. Abin da ya fi ta muhimmanci shi ne nau'in gilashin. Ƙaton nan mai lanƙwasa kusan tabbas VA ne: baƙinsa ya fi zurfi, yana da daɗin kallon fim a duhu, amma masu araha daga cikinsu suna jan wutsiya a wurare masu duhu. Kai IPS za ka nema. Launinsa ba ya canzawa in ka karkata, farinsa ya fi zama daidai daga kusurwa zuwa kusurwa, kuma farin shafi shi ne rayuwarka. OLED kada ma ka kalle shi. Ya fi ƙarfin riyal 1,000, kuma taga ɗaya da ke tsaye awa goma kullum tana iya bar masa tabo.

Abu biyu ƙanana. Yawancin waɗannan alluna ba su da lasifika, ko suna da wadda ba ta fi kukan sauro ba. Wannan alheri ne: yaro ya jona abin kunne a jikin abin riƙon wasan, akwai raminsa a nan, gida ya yi tsit. Na biyu ƙafar allon. In ka samu mai hawa da sauka, ka fifita shi ko da ƙarin riyal ɗari ne. Gefen sama na allo ya daidaita da idonka ko ya ɗan yi ƙasa, nisa kuma kamar tsawon hannunka. In ƙafar ba ta motsi, bandir ɗin takardar A4 biyu sun isa matashi, ba sai an ɗora shi a kan mujalladan ilimi ba, kamar yadda na tarar a ɗakin wani ɗalibi har muka yi 'yar muhawara.

Maganar yajin ido, sabon allo zai rage amma ba shi kaɗai ba ne. Rage haskensa har farin shafi ya yi kama da farar takardar da ke kan teburinka. Duba ko mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana hura maka iska a fuska, domin mai kallon allo ƙiftawarsa tana raguwa, iskar kuma ta ƙarasa busar da idon. Likitocin ido suna ba da shawarar duk minti 20 a ɗaga kai a kalli abu mai nisan mita shida na daƙiƙa 20. In ka haura arba'in kuma, je a auna ka, wataƙila tabarau ne ya yi sallama.

Ka karɓi fatura, wato rasit, ka ɗauke ta hoto, domin tawadar irin takardar nan gogewa take yi, kuma da ita za ka nemi garantin shekara biyu da Ma'aikatar Kasuwanci ta wajabta a kan kayan lantarki. In ba ka gaggawa, manyan shaguna irin su Jarir da eXtra sukan yi rangwame a wajejen 23 ga Satumba, ranar bikin ƙasa ta Saudiyya, da kuma lokacin garaɓasar Farar Juma'a a watan Nuwamba. Na ga irin allon da na kwatanta maka a cikin kasafinka ba sau ɗaya ba.

Tambaya: Yaya, barka da aiki. Na tara kuɗi wata biyar na sayi shasha mai 165Hz don kwamfutata ta tebur. Wallahi ban ga bambancinta da tsohuwar ba. Abokaina suna ta yi mini dariya. An cuce ni ne? Daga wani ƙaninka a Shari'u Mansur, Makka.

Amsa: Ƙanena, kwantar da hankalinka, da wuya a ce cuta ce. Bari in tona wa kaina asiri don ka ji sanyi. Lokacin da na fara sayen mai 144Hz na kafa shi a shago, wata uku ina yi wa kwastomomi burga, ina cewa ku dubi sulɓi. Wata rana wani yaro da ke koyon aiki a wurina ya buɗe saiti don wata buƙata tasa, sai ga 60 ɓaro-ɓaro. Ashe sulɓin a zuciyata yake. Yaron bai ce uffan ba, ya canza ya koma kan aikinsa, wannan shirun ya fi mini dariya ciwo.

Windows sau da yawa a 60 yake barin sabon allo sai an gaya masa. Danna linzami ta dama a fili, shiga Display settings, gangara zuwa Advanced display, a nan za ka ga lambar, ka zaɓi 165. In ba ka ga 165 a jerin ba, waya ce ko ƙofa. Yi amfani da wayar DisplayPort, galibi tana cikin kwalin. Sannan ka leƙa bayan kwamfutar ka ga inda ka soka ta. In kana da katin hoto na daban, ƙofofinsa suna ƙasa a kwance, su za ka shiga. Na sama da ke kusa da ramukan USB na babban faifan cikin kwamfutar ne, wato motherboard, wanda ya jona a can ya bar katinsa mai tsada yana barci. Wannan kuskuren ina ganinsa kusan kowane mako.

Da ka gyara, kama wata taga ka ja ta hagu da dama. In ba ka ga bambanci a nan ba, ka zo Jidda in ba ka shayi kyauta. A cikin wasa kuwa sai ka kunna ma'aunin hotuna ka ga nawa katinka ke fitarwa. In 50 yake bayarwa, 50 za ka gani ko da allon na 500 ne, sai dai ka rage nauyin inuwa da ƙawa a saitin wasan. Ka kunna FreeSync ko G-Sync, gwargwadon katinka AMD ne ko Nvidia, don allon ya riƙa bin takun katin, hoto ya daina yagewa a tsakiya.

Tambaya: Malam mai gyara, ina sana'ar tura abaya da turare zuwa Kano, lissafina duk a Excel nake yi da daddare. Muna da talabijin inci 50 da ba a kallo. In jona laftof da ita ko sai na sayi shasha? Daga wata Hajiya a Jidda.

Amsa: Hajiya, barka da ƙoƙari, Allah ya sa albarka. Za ta jonu, amma ba za ki ji daɗinta ba. Talabijin don a kalle ta daga kan kujerar falo aka yi ta. In kika zauna kusa, wuyanki ne zai yi ta safa da marwa tsakanin sunan kaya da farashinsa, in kika yi nisa kuma 3 da 8 su zama 'yan biyu, kuma kin san abin da hakan ke nufi a lissafin riyal da naira. In dole ce ta sa, nemi yanayin PC ko Game a saitinta, rubutu zai fi fitowa, linzami kuma ya daina jinkiri.

Ni dai da za ki ji tawa, inci 24 Full HD mai gilashin IPS ya ishe ki, yana cikin mafi araha a kasuwa. Duk wanda ya fara yi miki zancen Hz, ce masa ba wasa kika zo yi ba. Canjin da ya rage ki sayi madannai masu lambobi a gefen dama, za su rage miki rabin dare.

Tambaya: Na kammala karatu a Ummul Ƙura, zan koma Gusau. Na ga allo inci 27 na hannu a Haraj, kasuwar kayan hannu, da farashi mai kyau. Wani abokina ya ce wutar Saudiyya 60Hz ce, ta Najeriya 50, wai zai ƙone ko ya rage gudu. Gaskiya ne? Daga ɗalibi mai shirin tafiya.

Amsa: Ustaz, barka da kammalawa. Abokinka ya faɗi gaskiya a kan wutar, amma ya haɗa Hz biyu da suna kawai ya tara su. Na wutar bango daban, na sabunta hoto daban. Allo yana mayar da wutar bango zuwa irin tasa kafin ya taɓa ta. Juya bayansa ko ka duba jikin adaftarsa, za ka ga an rubuta 100 zuwa 240V da 50/60Hz. In ka ga haka, daga Makka har Gusau duk gida ne. Filogin ma mai ƙafa uku ne irin na Ingila, shi muke amfani da shi a ƙasashen biyu.

Abin tsoro a gida shi ne dawowar wuta da ƙarfi bayan an ɗauke, da janareton da ba ya tsayawa a murya ɗaya. Sa masa abin kariya tsakaninsa da bango, ko ka ɗora shi a kan inbata. Ba shi da ci, irin wannan girman yawanci tsakanin wat 20 ne da 40.

Tunda na hannu ne, kada ka karɓa a bakin titi daga but ɗin mota. Je inda akwai soket da laftof ɗinka. Cika allon da fari zalla, sannan baƙi, sannan ja da kore da shuɗi, ka matso da fuska kana neman ɗigon da ya mutu ko ya maƙale a launi ɗaya. Gwada kowace ƙofa. Bar shi a kunne kamar minti 20, domin wasu sai sun ɗau zafi suke fara ƙyafta ido. Duba gefen ƙasa ko akwai tabon ruwa: a nan ƙasar ɗigar mukayyif da masu fesa ruwan goge gilashi kai tsaye sun kashe alluna fiye da faɗuwa. In mai adafta ne, tabbatar ta asali ce, don samun irinta a Gusau zai iya zama aiki.

Sannan ka yi lissafi da idon basira. Garantin nan ba lallai ya bi ka gida ba. Kamfanonin jirgi da yawa suna iyakance jaka a kilo 23, tsawo da faɗi da kauri kuma in an haɗa kada su wuce santimita 158, don haka ka tambayi naka tun kafin ranar tafiya. In sai ka biya kuɗin ƙarin kaya, kira wani a Kano ya leƙa maka Beirut Road ya ji farashi, wataƙila ribar ta ƙare a sikeli. Ga littattafanka ma na san ba su da sauƙin nauyi.

In ka yanke tafiya da shi, nace mai shi ya haɗa maka da kwalinsa na asali da farin soson ciki. Cire ƙafar ka naɗe ta daban. Bara wani bawan Allah ya turo mini hoton nasa daga Sakkwato: ya shimfiɗa shi tsakanin barguna biyu a cikin jakar Ghana-must-go, ya ɗora katan ɗin dabino a sama don kada ya motsa. Dabinon ya isa lafiya.